Magarya da Dungas: kati ba rumbu ba ne

Duk wanda ya ratsa tashar mota ta Magarya, ko ya bi ayarin mutanen Dungas masu zuwa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya san wannan ƙaramin akwati mai magana. Yana rataye a wuyan makiyayi, yana ɗaure a kan amalanke, yana ajiye kusa da tukunyar mai shayi. Rediyo ne mai ƴar kafa a gefe, inda ake zura wani kati da bai wuce farcen yatsa girma ba. Wasu na kiran katin memori, wasu kat-memuwar. Shi ne kuma ake sawa cikin salula.

Ya ku ƴan uwa masu karatu, abin da ke cikin wannan kati iri biyu ne. Akwai abin da ake sake samu in ya ɓace: waƙoƙin fim, karatun manyan malamai, wasannin kwaikwayo. Mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa zai mayar maka da su cikin ɗan lokaci. Akwai kuma abin da babu mai mayar maka: muryar kakanka yana ba da labarin kafuwar garinku, waƙar daka ta tsofaffin mata, kirarin ƴan kokowa, maganar dattawa ranar da aka shata iyakar gona, hoton takardar haihuwar ɗanka. Saboda wannan kashi na biyu muka rubuta wannan bayani.

Yadda kati yake mutuwa

An fito da katin SD a shekarar 1999, ƙaraminsa kuma, wato microSD, a 2005. Waƙa ta minti guda irin ta MP3 tana cin kimanin mega ɗaya, giga ɗaya kuwa mega 1000 ne. Ke nan kati mai giga 4 yana ɗaukar magana ta sama da awa 60, abin da a dā sai an tara kaset 60 masu awa guda. Wannan ci gaba ne, amma da haɗarinsa. Idan zaren kaset ya tsinke, ana liƙe shi, a yi asarar kalma biyu ko uku. Kati kuwa in ya mutu, da komi nasa yake tafiya, ba tare da sallama ba.

Dalili shi ne, a cikin kati akwai ƙananan ɗakuna bila adadin, kowane yana riƙe da ɗigon lantarki, kuma da waɗannan ɗigo ake rubuta murya da hoto. Lantarkin yana zurarewa sannu a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Mun san yadda zafin watan Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40 a jahar Damagaram. Ƙurar hunturu da gumi suna ɓata haƙoran katin. Zare shi yayin da ake rubutu a kansa yana rikita abin da ke ciki. Akwai kuma katin jabu, wanda aka rubuta masa giga mai yawa alhali cikinsa kaɗan ne: da zarar ya cika, sai sabon abu ya hau kan tsoho, mai shi bai sani ba.

Na'urorin su ma ba su dawwama. Kamfanin Apple ya fito da iPod a 2001, ya yi tashe a duniya, aka daina ƙera shi a 2022. Waɗanda suka bar waƙoƙinsu cikinsa kaɗai sun sha wahalar fitar da su, domin na'urar tana ɓoye su, tana kuma sauya musu suna.

Yadda ake kwashewa zuwa kwamfuta

Aikin ba ya buƙatar ilimi mai zurfi. Wanda ya kammala ajin yaƙi da jahilci zai iya yin sa, ko ya tsaya a kan mai yi masa.

Da farko a kashe rediyo ko salula kafin a zare katin. A sa shi cikin ɗan abin karanta kati da ake sayarwa a kasuwa, a jona da kwamfuta, wadda wasu ke kira odinatar. Ana kuma iya jona salula da wayarta ta caji, in wayar mai ɗaukar bayani ce, domin wasu wuta kaɗai suke kaiwa.

Na biyu, a buɗe sabon dosiye a kwamfutar, a ba shi suna da kowa zai gane: shekara, gari da abin da ke ciki, misali «2024 Bande tarihin gari». Muryar da ba ta da suna kamar buhu ne marar shaida a sito.

Na uku, tun da kwamfutocin ƙasarmu galibi da Faransanci suke, a riƙe kalmomi uku. A zaɓi «Copier», sannan «Coller» cikin sabon dosiye. Kada a taɓa «Couper», domin ita tana ɗauke abu daga kati, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ana iya yin asara.

Na huɗu, a buɗe wasu daga abin da aka kwashe, a saurara da kunne, a gwada yawansu da na kan kati. Daga nan a danna «Éjecter» kafin a zare.

Idan kwamfuta ta nemi a yi «Formater», a ƙi, domin ma'anarsa a share komi. Idan an buɗe kati aka tarar dosiyoyi sun koma wasu alamu masu ƴar kibiya, wata cutar kwamfuta ce da ke yawo daga kati zuwa kati. Sau da yawa ɓoye kayan ta yi, ba ta share su ba, masani zai fito da su. Idan kuma an goge abu bisa kuskure, a daina aiki da katin nan take. Manhajoji irin su PhotoRec, wadda kyauta ce, suna iya dawo da shi muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba.

Manomi ba ya tara irinsa wuri guda. Masana ajiya su ma haka suka ce: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani gida dabam. Ga kati a rediyo, ga kwafi a kwamfuta, ga na uku a kile USB wurin ɗan'uwa a wani gari. Gobara, ambaliya ko ɓarawo ba za su haɗa su duka ba. A riƙa duba su shekara-shekara, domin kile ita ma tana mutuwa.

Aikin da magabata suka fara

Adana murya ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar Rediyo-Kulob, wadda ma'aikatanta suka riƙa shiga karkara da rakoda suna naɗar ra'ayin talakawa. A 1968, da taimakon UNESCO, aka buɗe a Yamai cibiyar tattara tarihin baka, wadda yau ake kira CELHTO. Kati ma ya nuna darajarsa: Mdou Moctar, mawaƙin jahar Tawa, ya naɗi waƙoƙinsa a Sakkwato a 2008, suka bazu daga salula zuwa salula. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya kwashi waƙoƙi daga katunan mutane a Kidal ta ƙasar Mali zuwa kwamfutarsa, ya fitar da faifai a 2011, sunan mawaƙin ya kai ƙasashen duniya.

A dā rakoda tana hannun ma'aikata ƙalilan. Yau tana aljihun jama'a, wurin ajiya ne ya yi ƙaranci. Tun da aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma a 2011, ƙananan hukumomi 11 ne a gundumomin biyu: 7 a Magarya, 4 a Dungas. Muna kira ga shugabanninsu, daga Waca da Yekuwa har Malawa da Dogo-Dogo, tare da gidajen rediyon karkara, malaman lakkol da na yaƙi da jahilci, su keɓe kwamfuta guda da rana guda a wata, domin jama'a su kawo katunansu. A rubuta cikin rajista sunan mai magana, garinsa da shekarar da aka naɗa, kuma a nemi yardarsa ko ta iyalinsa kafin a watsa.

Ranar 31 ga Maris ta kowace shekara, ana tunatar da mutanen duniya su kwafe abin da ke cikin na'urorinsu. Kada mu jira ta. Mai kati ya tashi tun yau, domin don tuwon gobe ake wanke tukunya.