Edge Ta Gaji Internet Explorer: Ina Makomar Masu Tsofaffin Kwamfutoci?

Ranar 15 ga watan Yunin 2022 kamfanin Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya, bayan ta shafe kusan shekara 27 tana kai mutane intanet. Duk wanda ya taɓa zama a kafe ya biya kuɗin awa ɗaya ya san shuɗin harafin "e" ɗin nan. Da yawa daga cikinmu ma mun ɗauka shi ne intanet ɗin kansa. Ina so mu duba yadda aka yi wannan gado, abin da magajiyar ta zo da shi tun farko, da dalilin da ya sa maganar ta shafi duk mai tsohuwar kwamfuta a shago ko ofis ko makaranta.

An fito da Internet Explorer a watan Agustan 1995, lokacin da burauzar Netscape ke jan zarenta. Dabarar Microsoft ba ta da wuyar ganewa: ya ba da tasa kyauta, ya kuma cusa ta cikin Windows, ta yadda duk wanda ya sayi kwamfuta zai tarar da ita tana jiransa. Wannan ya sa gwamnatin Amurka ta maka kamfanin kotu a 1998 bisa zargin danne abokan gasa. Duk da shari'ar, zuwa farkon shekarun 2000 sama da kashi 90 cikin 100 na masu shiga intanet da ita suke shiga.

To, mai kasuwa in ya ga babu kowa a gefensa sai ya miƙe ƙafa. Bayan fitowar zubi na 6 a 2001, sai da aka yi shekara biyar kafin a ga na 7. A wannan tsakanin Firefox ta fito a 2004 da tsarin buɗe shafuka da yawa a taga ɗaya, sannan Google ya kawo Chrome a 2008 da saurin da ya ba mutane mamaki. Ita kuwa Internet Explorer sai ta yi suna wajen nauyi da kuma ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. Babbar ƙofar ita ce wata fasaha mai suna ActiveX, wadda ke ba shafin intanet damar girka ƙaramar manhaja a cikin kwamfutarka. Banki na iya amfani da ita don alheri, mugu ma na iya amfani da ita don sharri.

A watan Janairun 2015 Microsoft ya bayyana cewa yana gina sabuwar burauza da sunan wucin gadi na Project Spartan. A watan Afrilu aka raɗa mata suna Edge, ta kuma fito tare da Windows 10 ranar 29 ga Yuli. An bar mata shuɗin "e" mai kama da na da, don kada mutane su kunna kwamfuta su ce intanet ya ɓata.

Abubuwa huɗu aka fi tallata ta da su. Na farko, kana iya yin rubutu ko zane a kan shafin da kake karantawa, ka ja layi ƙarƙashin magana, ka adana ko ka tura wa wani. Na biyu, yanayin karatu, wanda ke share tallace-tallace da tarkacen gefe ya bar maka zallar labari. Wannan, a ganina, shi ne mafi amfani ga ɗalibi da malami. Na uku, jerin ajiye abin da kake son karantawa daga baya. Na huɗu, Cortana, mataimakiyar da ke kawo ƙarin bayani a gefen shafi in ka zaɓi wata kalma. Bayan waɗannan, an yi watsi da ActiveX gaba ɗaya, wanda shi ne babban gyara ta fuskar tsaro, ko da yake ba a cika yin maganarsa ba.

Amma fa ta fito da giɓi. Ba ta karɓar ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, irin masu toshe talla, sai a watan Agustan 2016 aka ƙara mata wannan. Kuma a Windows 10 kaɗai take aiki, alhali a lokacin mafi yawan kwamfutocin duniya suna kan Windows 7. Masu gina shafuka kuma sun riga sun saba gwada aikinsu a kan Chrome, don haka wasu shafukan sai su riƙa tangarɗa a Edge. Mutane da dama suka riƙa buɗe ta sau ɗaya tak, su sauke Chrome, shi ke nan.

Hausawa na cewa in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A watan Disambar 2018 Microsoft ya sanar da cewa zai ajiye injinsa, ya sake gina Edge a kan Chromium, wato tushen da Chrome ke kai. Sabuwar ta fito ranar 15 ga Janairun 2020, tsohuwar Edge kuma aka daina kula da ita a Maris na 2021. Kamfanin da ya taɓa mallake wannan fage ya koma hawa motar abokin hamayyarsa.

Ba kowa ne ya ji daɗin ritayar ba. A Koriya ta Kudu an daɗe ana dogaro da ActiveX wajen harkar banki da sayayya ta intanet, don haka rabuwar ta yi musu wuya. Wani injiniya a can har dutsen kabari ya sa aka sassaƙa wa burauzar a birnin Gyeongju, hoton ya zagaya duniya. Saboda irin waɗannan ma'aikatu masu tsofaffin shafuka ne aka saka wa Edge wani sashe da ke kwaikwayon Internet Explorer, wanda Microsoft ya ce zai ci gaba da tallafa masa aƙalla har 2029.

Yanzu ga inda abin ya zo kanmu. Yawancin kwamfutocin da na gani a wuraren buga takardu da ƙananan makarantu a unguwanninmu na hannu ne, an yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin su iso. Wasu har yau Windows 7 ne a kansu. Tun watan Janairun 2023 Edge da Chrome duk suka daina aika wa Windows 7 sabuntawa. Zubi na 109 shi ne na ƙarshe. Shi ma Windows 10 an rufe tallafinsa na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ya hawa tsofaffin na'urori da yawa.

Burauzar da ba a sabunta ta za ta ci gaba da buɗe shafuka, kuma wannan ne ke ruɗar mutane. Sai dai duk ɓarakar da aka gano bayan ranar ƙarshe, haka za ta zauna a buɗe. A kan irin waɗannan na'urori ne kuwa ake cike fom ɗin fasfo, da na shiga jami'a, da na neman aiki, ana shigar da lambar katin ɗan ƙasa da kalmar sirri ta imel.

Shawarata ga mai shago: ka buɗe burauzarka, ka shiga sashen bayani game da ita, ka duba lambar zubin. In ka ga ta tsaya a 109, na'urar nan ta dace da buga takarda ne kawai. In babu kuɗin sabuwa, ka nemi mai gyara ya saka maka Linux, kyauta ne, kuma Firefox da Chrome na zamani suna aiki a kansa. Kai kuma mai zuwa cike fom, kada ka yarda burauza ta adana kalmar sirrinka a kwamfutar da ba taka ba, ka fita daga akawun ɗinka kafin ka tashi, harkar banki kuwa ka bar ta a wayarka.