Gidan Hutu Ga Naƙasassu: A Auna Ƙofa Kafin A Biya Kuɗi

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta kafu a manyan biranen ƙasar nan, musamman Legas da Abuja, inda iyali kan kama gida sukutum na 'yan kwanaki don hutu ko biki, maimakon su sauka a otel. Gidan yakan zo da gadaje da kujeru da ɗakin girki, baƙi su ne za su dafa abincinsu, su yi wa kansu hidima. Ga mai iyali da yawa wannan ya fi sauƙin kuɗi, ya kuma fi rufin asiri. Amma idan a cikin matafiyan akwai gurgu ko makaho ko kurma, ko dattijon da ƙafa ta gaza, to zaɓen gidan ya zama babban al'amari.

Dalili kuwa shi ne, a otel akwai ma'aikata dare da rana. A irin wannan gida kuwa, da an miƙa mabuɗi sai mai gida ya kama gabansa. In keken guragu ya ƙi shiga makewayi da tsakar dare ba wanda za a kira, ga shi kuɗin kafin alƙalami ya riga ya tafi. Hutun da aka daɗe ana yi wa tanadi sai ya koma wahala, a riƙa ciccibar dattijo kamar jariri a gaban jikokinsa. Kuma ba 'yan tsiraru abin ya shafa ba, domin a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na jama'ar duniya, suna da wata babbar naƙasa.

Awo ya fi alkawari

Sau da yawa dillali yakan ce gida ya dace da naƙasassu don kawai a ƙasa yake. Wannan magana ba ta isa hujja ba. Abin da ya kamata mai neman masauki ya yi shi ne ya roƙi a ɗauki tef a auna, a aiko masa da hotuna ta waya, tun daga inda mota ke tsayawa har bakin gado.

Keken guragu na babban mutum yakan kai faɗin santimita 65 zuwa 70. Saboda haka kowace ƙofa, idan an buɗe ta, tana bukatar sararin da bai gaza santimita 80 ba, kuma ƙofar makewayi ita ce ta fi yawan gazawa. Domin keken ya juya sosai ana bukatar fili mai faɗin santimita 150 a ɗakin kwana da makewayi.

Haka nan a lura da matakala. Ka'idar da magina suka sani ita ce, kowane santimita 1 na tsayi yana bukatar santimita 12 na gangara. Ke nan matakala ɗaya mai tsayin santimita 15 tana son gangara mai tsawon santimita 180, uku kuwa sun haura mita 5. Katakon da maigadi zai jingina a bakin ƙofa ba gangara ba ne, haɗari ne. Idan gidan a saman bene yake, a tambaya ko janareto yana ɗaukar na'urar hawa bene in an ɗauke wuta.

Makewayi da ɗakin girki

Ana yawan faɗuwa a makewayi. A nemi wurin wanka wanda ƙasansa daidai yake da daɓen ɗaki, ba bahon da sai an tsallaka ba, da kujerar zama, da ƙarafan dafawa da aka kafe a bango. Mazaunin masai ya kasance wajen santimita 45 zuwa 48 daga ƙasa, da fili a gefensa inda keke zai tsaya. Gado ma kada ya ɗara kujerar keken tsayi sosai.

Tun da baƙi ne za su yi girki, a duba ko mai zaune zai iya kai hannu ga murhu da famfo da makunnin wuta, ba tare da ya ɗauko tukunya mai zafi daga sama da kansa ba. Mai ciwon sukari da ke ajiye allurar insulin yana bukatar firjin da ba zai kwana a kashe ba.

Naƙasa kuma ba iri ɗaya ba ce. Makaho da mai raunin gani suna bukatar hanyar da ba tarkace, da isasshen haske, da wanda zai zagaya da su gidan ranar da suka sauka. Kurma ba zai ji ƙararrawar gobara ba, sai mai walƙiya ko mai girgiza matashin kai. In babu, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai a ɗaki mai nisa.

Abin da doka ta ce

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci. Mutumin da ya karya ta zai biya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyu, kamfani kuwa naira miliyan 1. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wanda ya cika a Janairun 2024. Sai dai da yawa daga gidajen da ake bayarwa haya an gina su ne don zaman iyali, ba a yi tunanin keke ba.

Masu zuwa Ingila, inda wannan sana'a ta daɗe, su sani cewa dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa masu masauki yin gyara gwargwadon hali, kuma ba a hana makaho shiga da karen da ke yi masa jagora. Duk da haka tsofaffin gidajen ƙauyukansu suna da ƙananan ƙofofi da matsattsun matakalai, don haka can ma sai an tambaya.

Daga ƙarshe, duk abin da mai gida ya tabbatar a sa ya rubuta, tare da sharaɗin mayar da kuɗi in an tarar da saɓanin haka. A san asibiti mafi kusa. Sannan a bar mai naƙasar ya duba hotunan da kansa, ya yi tambayoyinsa, domin shi ya san inda jikinsa ke gazawa, shi ne kuma zai kwana a ɗakin.