Rimot "mai cin kowace talabijin": Abin lura kafin ka biya kuɗi a Babbar Kasuwar N'Djamena

Duk wanda ya ratsa ɓangaren masu kayan lantarki a Babbar Kasuwar N'Djamena, wadda 'yan gari ke kira Grand Marché, dab da Masallacin Sarki Faisal, zai ga rimot iri-iri a cikin leda, wasu a rataye, wasu a jibge kan tebur tare da batir da wayoyin caji. Ka ɗauki ɗaya ka tambaya ko zai yi wa talabijin ɗinka, amsar kusan guda ce a kowace rumfa: "Alhaji, ɗauki kawai, wannan kowace iri yana ci."

Sau da yawa maganar gaskiya ce. Amma akwai ranar da mutum zai koma gida, ya sa batir, ya danna har yatsa ya gaji, talabijin ko gezau. Daga nan wani ya jefar da rimot ɗin, wani kuma ya ɗauka talabijin ce ta mutu, ya kai ta wurin mai gyara ko ya sayar da ita a wulaƙance, alhali lafiyarta lau. Ga mai gidan kallon ƙwallo abin ya fi ciwo, domin daren da aka kasa sauya tasha kuɗin shigar wannan dare sun tafi ke nan.

Me ya sa kasuwarsa ke ci?

Chadi ba ta da gaɓar teku. Yawancin kayan lantarkin da ke shiga N'Djamena ta Kamaru suke biyowa, daga tashar jiragen ruwa ta Douala zuwa Kousseri, su haye gadar Nguéli. Wasu kuma daga Najeriya suke fitowa ta hanyar Maiduguri da Gamborun Ngala. A cikin kayan akwai talabijin na hannu, waɗanda galibi sun rabu da rimot ɗinsu na asali tun kafin su iso.

Ga shi kuma talabijin na zamani, masu faɗin nan, ba su da maɓallai da yawa a jiki kamar na da. Wata ma maɓalli ɗaya tak gare ta. Idan rimot ya ɓata, ko yaro ya tsoma shi a ruwa, komawa tashar da dikoda take ma sai ya zama aiki. Ƙari a kan haka, gida ɗaya sai ka iske rimot uku: na talabijin, na dikodar Canal+ ko StarTimes, da na risibar da ke kamo tashoshin kyauta ta dish. Wannan ya sa mutane ke neman guda ɗaya da zai wadatar.

Kowane kamfani da yarensa

A goshin rimot akwai ɗan ƙwan fitila da ke fitar da hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani. Idan ka danna maɓalli, ƙwan yana ƙyafta hasken da sauri, galibi kusan sau 38,000 a daƙiƙa, a bisa wani tsari da talabijin ke fassarawa: ƙara murya, sauya tasha, ko kashewa. Matsalar ita ce tsarin ba ɗaya ba ne. Philips na da nasa mai suna RC-5, Sony na da SIRC, kamfanoni da yawa kuma suna bin tsarin NEC amma kowa da lambobinsa.

Ke nan rimot na gama-gari tafinta ne, kamar ɗan kasuwar nan da ke ciniki da Larabcin Chadi, ya juya Faransanci, ya dawo Hausa ko Barbarci. An cusa masa yaruka da yawa a ƙwaƙwalwa, amma sai ka gaya masa wanda zai yi. Idan kuma yaren na'urarka ba ya cikin waɗanda ya sani, to ko ka kwana kana dannawa ba za ta ji ba.

Abin ya daɗe ana fama da shi. Kamfanin Zenith na Amurka ne ya fitar da rimot mai igiya a 1950, sannan a 1955 injiniyansa Eugene Polley ya ƙera marar igiya mai aiki da hasken tocila. Da na'urori suka yi yawa a falo, sai Philips ya fito da rimot na gama-gari a 1985 da sunan Magnavox. A 1987 Steve Wozniak, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Apple, ya fitar da nasa mai suna CORE. A yau yawancin na kasuwanninmu daga China suke, irin su Huayu da Chunghop.

Iri uku ne, kada a haɗa maka su

Na farko shi ne na madadi, wanda aka yi wa kamfani ɗaya, misali Samsung ko LG ko Hisense. Wannan galibi batir kawai za ka sa ya kama aiki. Idan talabijin kaɗai ce damuwarka, kuma sunan kamfaninta sananne ne, shi ya fi sauƙi.

Na biyu shi ne mai lamba. Yana zuwa da takarda mai jerin sunayen kamfanoni, kowanne da lambobi uku ko huɗu. Kada ka yarda a ba ka shi babu wannan takarda.

Na uku shi ne mai koyo. Ana haɗa goshinsa da na rimot na asali, a danna maɓalli a can, shi kuma ya haddace. Shi ne maganin risiba ko talabijin mai baƙon suna da ba ta cikin kowane jeri. Sai dai dole a samu na asali mai aiki. In naka ya mutu, ari na maƙwabci mai irin na'urarka na minti goma.

Yadda ake saita shi

Tsarin ya ɗan bambanta daga wani zuwa wani, amma galibi haka yake. Ka kunna talabijin da hannu. Ka danne maɓallin da aka rubuta SET har 'yar fitilar rimot ta tsaya a kunne, sannan ka shigar da lambar kamfaninka. In ba ta yi ba, ka gwada ta gaba, domin kamfani ɗaya kan samu lambobi da dama.

Idan babu sunan a jeri, akwai bincike na kai-tsaye, inda rimot zai riƙa gwada lambobin ɗaya bayan ɗaya. Da zarar talabijin ta mutu ko alamar murya ta fito a allo, sai ka tsayar da shi nan take. A nan ne mutane da yawa ke kuskure: da sun ga ta kunna ta kashe, sai su ce an gama. A'a. Gwada murya, gwada lambobi, gwada menu, musamman maɓallin da ke kai ka HDMI. In rabi na yi rabi ba ya yi, lambar 'yar uwa ce ka samu, ci gaba da nema. Wadda ta yi daidai kuma ka rubuta ta a cikin murfin batir, don wasu rimot ɗin kan manta idan batir ya ƙare.

Inda ba zai yi ba

Rimot ɗin da ake yi wa magana da baki, da na na'urori irin su Fire TV Stick na Amazon, da Bluetooth suke aiki. Rimot mai infirared zalla ba zai sarrafa irin wannan sandar ba, komai yawan lambobinsa. Haka nan rimot da aka yi don talabijin kaɗai ba zai taɓa dikoda ba, sai wanda ke da maɓallan zaɓen na'ura a samansa, kamar TV da SAT.

Wataƙila ma ba sabo kake buƙata ba

Kafin ka fita kasuwa, buɗe kyamarar wayarka, ka nuna mata goshin tsohon rimot, ka danna. Idan ka ga haske yana ƙyaftawa a allon waya, yana da rai. Wasu wayoyin kyamarar baya tana tace wannan haske, don haka ka gwada ta gaba. In babu haske, fara da batir. Zafin N'Djamena, da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana sa batir mai araha ya yi yoyo ya ci ƙarfen ciki. Kankare tsatsar, a goge ƙurar da ta shiga ƙarƙashin robar maɓallai, sau da yawa shi ke nan.

Akwai kuma tsarin HDMI-CEC, da ke ba rimot ɗin talabijin damar sarrafa na'urar da aka jona mata in ita ma tana da tsarin. Samsung na kiransa Anynet+, LG na kiransa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Sannan wayoyi da dama, musamman na Xiaomi da Redmi, suna da ƙwan infirared a kai, wanda ke mayar da waya rimot ta hanyar manhaja.

Wajen ciniki

Ka ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan talabijin, mai ɗauke da suna da lambar samfuri, ka nuna wa mai rumfa. Ka sa a gwada rimot ɗin da batir a gabanka. Ku yi magana tun kafin kuɗi su fita daga aljihu cewa in bai yi ba za ka dawo a canja maka, kuma kada ka yaga ledar da kwalin.

Baƙo daga Najeriya ya kula da lissafi. A Larabcin kasuwa da riyal ake ƙirga kuɗi, riyal ɗaya kuwa sefa 5 ne, kamar yadda Hausawan Nijar ke cewa dala. In aka ce maka "miya", wato ɗari, sefa 500 ake nufi. Ka tabbatar da wane lissafi ake yi kafin ka ce "na saya".