TSOHON SAKSOFON DA MURYARSA A KIƊAN JAZ

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin soja ko na 'yan sanda, ba zai rasa ganin wani abin busa mai ƙyalli ba, wanda ya lanƙwashe kamar lofe, yana rataye a wuyan mabushi. Sunansa saksofon. Wani abin mamaki game da shi shi ne, a kasuwannin Turai da Amurka da Japan, sau da yawa tsohon da ya shekara sittin, duk ya dafe, ya fi sabo fil tsada. Masu kiɗan jaz su ne suka jawo haka, domin da yawansu sun haƙiƙance cewa akwai wata murya a cikin tsofaffin da ba a samunta a cikin sababbi. Yana da kyau masu karatu su san inda wannan magana ta samo asali, da kuma iyakar gaskiyarta.

Wani maƙerin kayan kiɗa ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Sax shi ne ya ƙago saksofon, ya kuma yi masa rajista a birnin Paris cikin shekarar 1846. Ya ƙera shi iri-iri, daga ƙarami mai siririyar murya har zuwa babba mai kauri. Wanda muke magana a kansa shi ne na tsakiya da ake kira tena, wanda muryarsa ta yi kusa da ta namiji baligi. Jikinsa na gaurin tagulla da tutiya ne, amma abin da ke haifar da sauti shi ne wani ɗan siririn harshe na kara da ake ɗaurawa a bakin busa. Mafi shaharar karan kuwa a lardin Var na kudancin Faransa ake noma shi.

Da farko ƙungiyoyin badujala na soja ne suka fi amfani da shi. Baƙaƙen fatar Amurka su ne suka ɗaga darajarsa. Coleman Hawkins, wanda ake ɗauka a matsayin uban masu busa tena a jaz, ya fitar da faifan Body and Soul a 1939, da murya mai kauri da cika. Lester Young na ƙungiyar Count Basie ya ɗauki wata hanya dabam, tasa muryar sassauƙa ce, mai laushi, ba hayaniya. Kusan duk mabusan da suka biyo baya daga ɗayan waɗannan rijiyoyi biyu suka sha.

KAMFANONIN DA SUKA YI SUNA

A wancan zamani garin Elkhart na jihar Indiyana shi ne cibiyar ƙera kayan busa a Amurka. Can kamfanonin Conn da Buescher da Martin suke. Conn ya fito da samfurin 10M a tsakiyar shekarun 1930, wanda ya yi suna wajen faɗin murya da ƙarfi, irin wadda za ta ratsa zauren rawa ba tare da lasifika ba. Dexter Gordon ya daɗe yana busa shi. A birnin Cleveland kuma aka riƙa ƙera King Super 20 bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ake yi wa wuyan azurfa.

Amma wanda ya ƙwace kasuwa shi ne kamfanin Selmer na Faransa, wanda ya saye masana'antar iyalan Sax a ƙarshen shekarun 1920. Selmer ya sake tsarin maɓallai yadda yatsu za su zauna a kansu ba wahala, musamman ƙaramin yatsan hannun hagu, wanda a tsofaffin samfura yake shan aiki. Wannan gyara ya zo daidai lokacin da jaz ya ƙara sauri. A 1954 kamfanin ya fito da Mark VI, ya kuma ci gaba da ƙera shi har shekara ashirin. John Coltrane da Sonny Rollins da Stan Getz duk sun busa shi. Masu tara kayan tarihi sun fi neman na farko-farko, waɗanda lambar jikinsu ba ta kai 100,000 ba. Kusan duk saksofon da ake ƙerawa yanzu, har da na kamfanonin Yamaha da Yanagisawa na Japan, tsarin maɓallan Selmer yake bi.

INA MURYAR TAKE?

Masu son tsofaffin suna cewa tagullar da ce ta fi kyau, kuma maƙeran da hannu suka buga ta. Wasu ma ba su yarda a sake shafa wa tsohon saksofon man ƙyalli, domin kafin a shafa sai an goge jikin, gogewar kuwa tana cin ƙarfe. Saboda haka ne wanda aka sabunta yakan faɗi a kasuwa, dafaffen ya fi shi kuɗi.

Masana ilmin sauti kuwa sun fi ba da ƙarfi ga siffar cikin bututun. Iskar da ke ciki ita ce ke kaɗawa, don haka faɗin bututu, da lanƙwasar wuya, da girman ramuka da tazarar da ke tsakaninsu, su ne ke bambanta Conn da Selmer. A nan masu son tsofaffin suna da gaskiya, domin kowane kamfani yana da nasa awo. Bayan wannan sai bakin busa. Mai faffaɗan ciki yakan ba da murya mai duhu da taushi, mai matsattsen ciki kuma ya ba da mai kaifi. Coltrane ya yi amfani da bakin ƙarfe na Otto Link, kuma tsofaffin irinsa su ma yanzu tsada gare su.

Sai kuma shi kansa mabushi. A 2008 masu bincike a Jami'ar New South Wales ta Ostareliya sun buga sakamakon awon da suka yi, inda suka nuna cewa ƙwararrun mabusa suna daidaita maƙogwaro da kogon bakinsu kafin su iya kai wa ga sautuka mafi tsawo, abin da 'yan koyo ba su iyawa. Coltrane da Getz sun busa ƙirar kamfani guda, amma ko yaro ya saurari faifansu zai rarrabe su. Kazalika a 1953 Charlie Parker ya hau dandalin Massey Hall a Toronto da ƙaramin saksofon na roba, kuma faifan wannan dare yana cikin waɗanda ake ji da su har yau. Shi kuwa Rollins, tsakanin 1959 da 1961 ya janye daga wasa a bainar jama'a, ya riƙa hawa gadar Williamsburg ta New York yana gwaji shi kaɗai na sa'o'i masu yawa.

Wannan batu ba baƙo ba ne ga mutanen ƙasar nan. Fela Anikulapo Kuti ya busa tena. Yusef Lateef, mashahurin mabushin tena na Amurka wanda ya rasu a 2013, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya nazarci sarewa. Wanda ya san yadda algaita guda ke canza murya idan ta fita daga hannun yaro ta koma hannun ubangidansa, ya fahimci rabin maganar.

Ga ɗalibin da ke sha'awar koyo, ko jami'in da aka ɗora wa sayen kayan badujalar makaranta, abin lura shi ne tsohon saksofon ɗawainiya gare shi. Fatun da ke rufe ramukansa sukan bushe su riƙa yoyon iska, ƙarafunsa sukan saki, kayan gyaransa kuma ba kullum ake samu ba. Rami guda in yana yoyo, ƙananan sautuka ba za su fito ba, ko da kuwa sunan wane kamfani ne a jiki. Sabo mai matsakaicin kuɗi wanda ya rufe sosai ya fi wa mai koyo amfani. Kuɗin da ya rage a sayi bakin busa mai kyau da isassun harsunan kara, a nemi malami. In ƙirji ya nuna, kunne ya waye, lokacin ne mutum zai san ko Conn ko Selmer ne ya dace da muryarsa.