Mutum-mutumin Tiananmen: kwana biyar a tsaye, shekaru ana farautarsa

A daren 29 ga Mayun 1989, ɗaliban babbar kwalejin koyon zane da sassaƙa ta Beijing suka shigo dandalin Tiananmen da wani mutum-mutumi gunduwa-gunduwa a kan kekunan ɗaukar kaya. Washegari aka yaye masa mayafi: siffar mace ce mai tsayin kusan mita 10, riƙe da fitila da hannu biyu. Suka raɗa mata suna Gunkiyar Dimokuraɗiyya.

Da soso da kwaɓaɓɓiyar takarda aka yi ta, bisa ƙarafuna, cikin kwana huɗu kacal. Amma inda aka girke ta ne ya fi tsone wa hukuma ido. Fuskarta na kallon katafaren hoton Mao Zedong da ke rataye a ƙofar Tiananmen, ido da ido, a dandalin da jam'iyyar Kwaminis ta saba ita kaɗai ke yanke hukuncin abin da jama'a za su gani. A lokacin, kwana goma ke nan da ayyana dokar soja, zanga-zangar kuma ta fara sanyi. Mutum-mutumin ya sake janyo ɗimbin jama'a. Hukumomi suka kira shi haramtacce, cin fuska ga martabar ƙasa.

Da asubahin 4 ga Yuni, bayan sojoji sun kutsa birnin suna harbe fararen hula, motar sulke ta ture shi, aka farfasa shi.

Hong Kong ce ta riƙe tarihin. Aka kafa kwafin gunkiyar a wata jami'ar birnin, yayin da Jami'ar Hong Kong ta ajiye Ginshiƙin Abin Kunya, sassaƙar Jens Galschiøt ɗan Denmark mai tsayin mita 8, wadda ke nuna jikkunan mutane cunkushe cikin azaba. Fiye da shekara 20 ɗalibai na wanke shi duk shekara don tunawa da mamatan.

Dokar tsaron ƙasa da Beijing ta ƙaƙaba wa birnin a 2020 ta sauya komai. Cikin daren 22 ga Disambar 2021, lokacin da ɗalibai ke hutu, aka kewaye ginshiƙin da shinge, aka kwance shi. Jami'ar ta fake da shawarar lauyoyi. Kafin kwana biyu su cika, kwafin gunkiyar ma ya ɓace daga mazauninsa.

Galschiøt ya nemi a mayar masa da kayansa. A Mayun 2023 'yan sandan tsaron ƙasa suka ƙwace ginshiƙin, suka ce hujja ce a shari'ar yunƙurin yi wa gwamnati zagon ƙasa.