Zara da Dabarar Yaƙi da Kwantai

Duk mai sayar da tufafi ya san babban abokin gabarsa shi ne kwantai. Ka zuba jari a kan launin da kake zaton za a yi yayinsa, kafin kaya su iso hankalin masu saye ya koma wani wuri, sai ka shiga karya farashi don ka tsira da uwar kuɗi. Manyan kamfanonin tufafi na Turai da Amurka sun daɗe da wannan ciwo. Sukan zana kayan hunturu tun da watanni shida ko fiye, su aika oda masana'antun Asiya inda ɗinki ke da araha, sannan su zauna jiran jirgin ruwa. Idan hasashensu ya dace, madalla. Idan bai dace ba, sito ya cika.

Amancio Ortega, wanda ya buɗe shagon Zara na farko a birnin A Coruña na ƙasar Sifaniya a 1975, ya ɗauki wata hanya dabam. Ya rage dogaro da hasashe, ya gina kamfaninsa a kan jin abin da ke faruwa a shago yau, da kuma amsa shi kafin ya huce. Manajan kowane reshe yana aika wa hedikwata, a garin Arteixo, bayanin abin da aka saya da abin da aka gwada aka ajiye, har da abin da aka tambaya ba a samu ba. Masu zane suna zaune kusa da masu karɓar wannan labari. Kayan da yayinsu ke saurin wucewa ana ɗinka su a kusa, a Sifaniya da Fotugal da Maroko da Turkiyya, kuma kaɗan-kaɗan ake yi. Sau biyu a mako sabon kaya ke isa shaguna, sabon zane kuwa yana iya fita daga takarda ya hau kanta cikin 'yan makonni.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a labarin shi ne na'urorin da aka yi wannan aiki da su. Har zuwa 2003, kwamfutocin karɓar kuɗi na shagunan Zara suna aiki ne da DOS, tsohuwar manhajar da Microsoft kansa ya riga ya daina kula da ita. Ba a haɗa su da juna ba. Idan an tashi, ma'aikaci ya kwashe lissafin cinikin kowace na'ura a faifai, ya kai wa ɗaya da ke da layin waya, ita ta tura hedikwata. Mai son sanin ko wani reshe yana da sauran wata riga, sai dai ya buga waya ya tambaya. Oda kuma da wata 'yar ƙaramar na'urar hannu manajoji ke yin ta. Da waɗannan tsofaffin kayan aiki Zara ta sha gaban kamfanonin da suka fi ta kashe kuɗi a kan kwamfuta, domin ta san tambayar da take so na'ura ta amsa mata, kuma ta shirya teloli da motocin da za su yi aiki da amsar.

A shekarar nan ta 2003 ne marubuci Nicholas Carr ya tada ƙura a mujallar Harvard Business Review, inda ya ce fasahar sadarwa ta zama kamar wutar lantarki: kowa yana buƙatarta, amma tunda kowa zai iya saya, ba ta fifita wani a kan wani. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, kuma mun gani da idonmu. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ɗan kasuwar da ke karɓar taransifa ko yake da na'urar POS ya kwashe cinikin maƙwabcinsa. Yau a Kantin Kwari da wuya ka sami shagon da ba ya karɓa, fifikon ya tafi. Sai dai Carr bai ba sauran rabin zancen haƙƙinsa ba. Kowane ciniki da ya bi ta na'ura yana barin sawu, kuma 'yan kasuwa kaɗan ne ke zama su duba wace atamfa ce ke tafiya gab da salla, wace ce ta yi wata uku tana shan ƙura, kafin su sake yin sari.

Zara ba ta dawwama a kan DOS ba. Daga 2014 ta faɗaɗa sanya wa kowace riga wata 'yar alama mai magana da na'ura ta iska, wadda ake kira RFID, aka ɓoye ta cikin maƙalar hana sata. Da ita ake sanin inda kowane kaya yake, ko a sito ko a kanta. Amfanin wannan ya fito fili a 2020, lokacin da korona ta rufe kasuwanni: kamfanin ya iya ɗaukar rigar da ke rataye a shago ya aika wa wanda ya saya ta intanet. A shekarar ce kuma uwar kamfanin, Inditex, ta sanar da rufe shaguna har 1,200 don ta ƙarfafa cinikin intanet.

Tsarin yana da tsadarsa. Ɗinki a Turai ya fi na Bangladesh cin kuɗi, kuma masu kare muhalli suna sukar wannan saurin sauya yayi da cewa yana tara bolar tufafi. Ga kuma kamfanin Shein, wanda ya taso daga Sin bai dogara da shaguna ba. Shi daga abin da mutane ke latsawa a waya yake karanta yayi, ya sa ƙananan masana'antun Guangzhou su ɗinka kaɗan don gwaji, wanda ya karɓu a ƙara, a farashin da Zara ba ta iya sauka zuwa gare shi.