Yadda Ake Horar da Lauya: Bayani ga Jama'ar Yawuri, Ngaski da Shanga

Sau da yawa mutanenmu na Yelwa da Wara da Shanga da ƙauyukan bakin Tafkin Kainji sukan shiga ofishin lauyoyi da wata matsala, su tarar da matashi cikin baƙar kwat yana karɓar bayani. Wani lokaci cikakken lauya ne, wani lokaci kuwa ɗalibi ne mai koyon aiki. Sanin bambancin yana da muhimmanci, domin gona ko gado ko 'yancin mutum na iya rataya a kansa.

Matakan zama lauya

A Ingila an raba aikin gida biyu: akwai lauyan da ke rubuta takardu da ba da shawara, akwai kuma mai tsayawa gaban alƙali. A Nijeriya mutum ɗaya ne ke yin duka biyun. Da farko zai yi shekara 5 yana karatun shari'a a jami'a, kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko Bayero ta Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya. Daga nan sai ya yi shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a Legas a 1963, hedkwatarta kuma tana Bwari a Abuja, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Idan ya ci jarrabawa sai a rantsar da shi, a sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Sai a lokacin ya zama lauya.

Rayuwar mai koyon aiki

A cikin shekarar nan ta horo akan tura ɗalibi kotu na wasu makonni, sannan ofishin lauyoyi. A kotu aikinsa saurare ne da rubuta abin da ya gudana. A ofis kuwa yana binciken dokoki da hukuncin da manyan kotuna suka yanke, yana tsara daftarin wasiƙa ko yarjejeniya ko takardar rantsuwa, maigidansa yana dubawa yana gyarawa.

A yankinmu akasarin ƙararrakin na gona ne da gado da aure da bashi, da saɓanin manoma da makiyaya. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968 aka sake wa garuruwa da dama matsuguni, don haka shari'ar fili kan buƙaci jin ta bakin dattawa da dagatai. Bugu da ƙari, dole matashin ya iya mayar da bayanin Bagunge ko Bakambare ko Basarke zuwa Turancin kotu ba tare da ma'ana ta salwanta ba. Wanda ya tsaya a nan yakan ƙware da wuri, domin a ƙaramin ofis babu aikin da ba ya taɓawa.

Abin da ya kamata a kiyaye

1. Ɗalibi ba shi da ikon wakiltar kowa a kotu, ko sa hannu a takarda a matsayin lauya. Yin sojan gona da sunan lauya laifi ne a doka.
2. Takardar da lauya ya shirya tana ɗauke da sunansa da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya. A duba kafin a karɓa.
3. A daidaita kuɗin aiki da mai ofishin tun farko, a kuma karɓi rasit.
4. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, Gwamna kuma ke ba da ta birni. Yarjejeniyar ciniki kaɗai ba ta maye gurbinsu.
5. Mara ƙarfi na iya neman taimakon Hukumar Agajin Shari'a ta Tarayya, wadda aka kafa a 1976, ta ofishinta na Birnin Kebbi.

Kira

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi da su isar da wannan bayani ga jama'a, su kuma ba waɗannan matasa haɗin kai idan sun zo neman bayani bisa ƙa'ida. Haka nan muna jan hankalin iyaye su ƙarfafa wa 'ya'yansu, maza da mata, gwiwar karatun shari'a, domin ɗan gari shi ya fi sanin iyakar gonakin garinsu. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.